Daga Allon Zane Zuwa AutoCAD: Yadda Na Koyi Zanen Gini da Kwamfuta

Assalamu alaikum. Sana'ata zanen gini, da ita nake ci da iyalina yau shekara ashirin da ɗoriya, alhamdu lillahi. Ɗaliban da ake turo mana ofis zaman koyon aiki na SIWES kusan tambaya ɗaya suke shigowa da ita: "Oga, wata nawa zan yi in iya AutoCAD?" Amsar da nake ba su ba ta cika yi musu daɗi ba. In danna maɓallai ne, sati uku ya isa. Amma fitar da takardar da birkila zai riƙe a fili, ya ja igiya, ya haƙa fandeshan ba tare da ya kira ka a waya ba, wannan sai an ɗauki shekaru. Shi ya sa na zauna in rubuta hanyar da na bi, da wuraren da na ga ƙafar masu koyo tana yawan zamewa.

A kan allo na fara, kamar duk tsararrakina. Katako mai faɗi, ti-sukwaya, set-sukwaya biyu, takardar tiresin, da alƙaluman tawada na Rotring masu baki daban-daban: 0.18, 0.25, 0.35, 0.5 da 0.7. In ka yi kuskure sai ka ɗauko reza ka kankare tawadar a hankali, in ka matsa takardar ta huje, aikin kwana uku ya tafi. In an gama a kai wurin masu injin amoniya su fitar da kwafi, ka dawo hancinka yana yaji. Ba na kewar wannan wahala ko kaɗan. Amma allo ya bar mini abu biyu da har yau nake cin moriyarsu. Na farko kaurin layi: bangon da aka yanka a zane da alƙalami mai kauri ake jan sa, taga da ƙofa da matsakaici, layin awo da mafi siriri. Na biyu ma'auni. Wanda ya taɓa zana bangon milimita 225 a ma'aunin 1:100 ya san a takarda milimita biyu da kwata ne kacal, don haka ya san abin da ido zai iya karantawa da abin da zai cakuɗe.

Kamfanin Autodesk na Amurka ya fitar da AutoCAD tun 1982, amma wanda na fara ɗora hannu a kai shi ne Release 14 da ya fito a 1997, a kan wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton ƙeya. Abin da ya fi ba mu wuya, mu da muka fito daga allo, shi ne yarda da cewa a kwamfuta ba a rage komai. Gini ana zana shi ne da ainihin girmansa. Bango mai tsawon mita goma sha biyar, 15000 za ka rubuta. Maganar 1:100 ko 1:50 ba ta tasowa sai ranar da za a buga a takarda. Har yau ina ganin yaran da ke raba kowane awo da ɗari kafin su zana, daga baya duk awon da manhajar ta fitar musu ya zama ba daidai ba, su zauna suna gyara lambobi ɗaya bayan ɗaya da hannu.

Kafin a ja layi ko ɗaya, a duba da wane fayil aka buɗe aikin. AutoCAD yana zuwa da samfuri biyu da ake yawan rikitawa: acad.dwt na masu aiki da inci, da acadiso.dwt na masu aiki da milimita. Namu shi ne na biyun. Wanda ya buɗe da na farko zai ga layin ɗigo-ɗigo ya fito kamar miƙaƙƙe, zanen cikon bango ya fito ko dai baƙi ƙirin ko kuma babu komai, sai ya ɗauka manhajar ce ta lalace. A rubuta UNITS, a tabbatar an sa milimita. Wannan minti ɗaya ne, amma rashin yinsa yana bin mutum har ƙarshen aiki.

Sai rikicin ƙafa da milimita, wanda a ƙasar nan ba za ka guje masa ba. Mai gida da ƙafa yake magana, birkila da ƙafa da inci, safiyo da mita, kai kuma da milimita kake zane. Ƙafa ɗaya milimita 304.8 ce, inci ɗaya 25.4. Fulotin da ake cewa hamsin da ɗari, a kwamfuta 15240 ne da 30480. In Alhaji ya ce yana son ɗaki "sha biyu sha biyu", lissafi zai ba ka 3658, mu kuma mukan zana 3600 ko 3650. To amma tambayar da sabon shiga ba ya yi ita ce: sha biyun nan daga ciki zuwa ciki ne, ko daga tsakiyar bango zuwa tsakiyar bango? In daga tsakiya ka auna da bulo mai inci tara, ka cinye wa ɗakin 225 tun kafin a yi filasta, ita ma filastar za ta ci kamar 12 zuwa 15 a kowane gefe. Mai gida zai shigo da gadonsa da wadirof ya ga ba su zauna ba, kuma kai zai tuna. Bulonmu iri biyu ne a yawancin aiki: mai inci tara, wato 450 tsawo, 225 faɗi, 225 tsayi, da mai inci shida mai faɗin 150. Duk wanda ya zana bango 200 ko 300 saboda haka ya gani a wani bidiyon ƙasar waje, ya zana bangon da babu bulonsa a gidan bulon unguwarsu.

Umarnin da ake aiki da su kullum ba su kai ashirin ba. L na jan layi, O na fitar da layi a gefen wani da tazarar da ka faɗa, TR na datsewa, EX na miƙawa, F na haɗa kusurwa, CO na kwafi, M na matsarwa, MI na juya abu kamar a madubi, H na ciko, B na dunƙule abu ya zama guda, DI na auna tazara. Hannun hagu a kan madannai, na dama a kan linzami, babban yatsa a kan dogon maɓallin tazara, domin shi ma yana aikin Enter kuma yana maimaita umarnin da ya gabata. Wanda ke bin gumakan saman allo da linzami yana neman kowane umarni, zai iya, amma abokinsa zai gama falo da ɗakuna biyu shi yana kan ƙofar farko. Linzamin kuma ya zama mai ƙaramar taya a tsakiya. Zane da ɗan faifan taɓawa na laftof azabtar da kai ne kawai.

Tsarin da nake bi bai canza ba. Layukan tsakiyar bango tukuna, a leyarsu daban, wato nasu shafin a cikin zanen. Daga kowanne a fitar da 112.5 hagu da dama, bango ya tashi 225. A gyara kusurwoyi. Sannan a huda ƙofofi: 900 na ɗaki, 750 na banɗaki, 1200 ko sama na babbar ƙofa, tsayinsu 2100 inda linta take zama. Tagogi su biyo baya. Awo da rubutu su ne ƙarshe. Maɓallin F8 yana riƙe layi ya tafi a miƙe ko a tsaye cak, F3 kuma yana sa linzami ya cafki ainihin ƙarshen layi ko tsakiyarsa. Wanda ya kashe F3 yana haɗa layuka da ido, a allo zai ga kamar sun haɗu. Ranar da zai yi ciko sai manhajar ta ce wurin a buɗe yake, ko ya nemi faɗin ɗaki don lissafin tayil ta ba shi na ɗaki biyu haɗe. In ya zuƙo kusurwar sosai zai tarar da 'yar tazara ta milimita uku, ita ce ta hana shi barci.

Akwai laifi ɗaya da ba na yafewa a ofis, domin ni ma na taɓa aikata shi kuma na ga sakamakonsa. Shi ne a danna lambar awo a goge a rubuta wata, ba tare da an matsar da bangon ba. Wani mai gida ya ce a ƙara masa faɗin kicin daga 2400 zuwa 3000, ana sauri, sai na canza lambar kawai na buga. Kwana biyu sai ga kira daga fili. Na tarar da shugaban birkilolin, dattijo ne da furfura, ya tsuguna ya shimfiɗa takardar a kan bulo ya danne gefunanta da duwatsu, da guntun fensir a bayan kunne. Ya tara ƙananan awon gefen gabas ɗaya bayan ɗaya a bayan buhun siminti, ya samu 14100, babban awon da ke samansu kuma yana cewa 13500. Ya ɗago ya ce, "Injiniya, ɗari shidan nan a ina zan sa ta? A filin maƙwabci?" Na ce, "Baba, a yi haƙuri, laifina ne." Allah ya taimake ni ba a zuba kankare ba, rami kawai aka haƙa. Tun daga ranar, kafin takarda ta fita, sai na tara ƙananan awo na kowane gefe da kalkuleta na ga sun yi daidai da babban. In bango zai matsa, da umarnin STRETCH ake jan sa tare da awonsa, lambar ta canza da kanta.

Leya ita ce abin da masu koyo suka fi rainawa. Ka ɗauke ta kamar takardun tiresin da aka jera a kan juna: bango a ɗaya, ƙofa da taga a wata, awo, rubutu, kayan ɗaki, layukan tsakiya, kowanne da tasa. Amfanin yana fitowa ne ranar da injiniyan wuta ko na ruwa ya nemi zanen. Bango da ƙofofi kawai yake so, ba ya buƙatar kujeru da gadaje. In ka raba leya, dannawa biyu ka kashe su. In komai a leya ta 0 ka zuba, za ka kwana kana tsince su. A bar launi da nau'in layi a kan ByLayer, kada a riƙa canza wa kowane layi launi shi kaɗai. Sannan a kula da wata leya mai suna Defpoints da manhajar take ƙirƙira da kanta da zarar ka sa awo: duk abin da ya faɗa cikinta ana ganinsa a allo amma ba ya fita a takarda. Na ga wanda rabin rubutun zanensa ya ɓace a bugu saboda wannan, yana ta zagin firinta.

Launin layi kuma ba ado ba ne. A tsarin da yawancinmu muke bi, kowane launi an ɗaura masa kaurin alƙalami a cikin fayil na CTB, yadda ja zai fita siriri, wani launin ya fita da kauri, duka da baƙar tawada. Ga Rotring ya dawo ta bayan gida. In ka aika wa wani zanenka ba tare da wannan fayil ba, zai buga duk layukan su fito kauri ɗaya, bango da layin awo ba bambanci. Umarnin ETRANSMIT yana tattara zanen da fayilolin rubutu da na bugu da duk wani zane da aka jingina, ya ɗaure su a ƙunshi guda.

Wurin bugu ne ake gane wanda ya iya. Ana shiga shafin takarda, a zaɓi girmanta: A1 ita ce 594 da 841, A3 kuma 297 da 420. A buɗe taga a kan takardar da ke leƙa zanen, a sa mata ma'auni, 1:100 ga taswirar bene, 1:50 in gidan ƙarami ne, 1:20 ko 1:10 ga bayanin fandeshan da matakala, sannan a kulle tagar. Rashin kullewa ne ke sa mutum ya juya tayar linzami sau ɗaya ma'aunin ya koma 1:87 bai sani ba. Rubutu ya fita milimita 2.5 a takarda, ma'ana in a cikin zanen ka rubuta shi kuma za a buga a 1:100, tsayinsa 250 ne. Daga AutoCAD 2008 an kawo rubutu da awo masu daidaita kansu da ma'auni, yana da kyau a koya, amma a fahimci lissafin da hannu tukuna.

Ko ka yi komai daidai, saura mai shagon bugu. Ka ba shi PDF na A3, shi kuma ya bar zaɓin da ke cewa a daidaita da takarda, injin ya rage zanen kaɗan don ya bar gefe. Ido ba zai gani ba, amma duk wanda ya ɗora rular ma'auni zai samu awo ya gaza. Ka tsaya a kansa ya sa girman ainihi, kashi 100. Zanen A1 in aka buga shi a A3 ya ragu da rabi, 1:50 ya zama 1:100, alhali rubutun ƙasan takardar yana nan yana cewa 1:50. Saboda haka nake sa ɗan sandan ma'auni a kowace takarda, shi yana raguwa tare da zanen. Kuma ba na barin shagon sai na auna bango ɗaya da rula.

Takardar safiyo wata duniya ce, kuma nan ne gine-gine suke shiga filin mutane. Safiyo da mita yake aiki, kai da milimita, don haka in ka jawo zanensa cikin naka zai zo ƙanƙane sau dubu, sai an faɗaɗa shi da 1000. Lambobinsa biyu ne, na gabas da na arewa: na gabas shi ne X, na arewa shi ne Y. A takardu da yawa na arewan ake fara rubutawa, wanda ya kwafa yadda ya gani sai filin ya fito a juye. Kusurwa ma haka. AutoCAD yana fara ƙirga daga gabas yana juyawa saɓanin agogo, safiyo kuwa daga arewa yake farawa yana bin agogo. Sai ka shiga UNITS ka mayar da mafari arewa ka sa ya bi agogo, sannan ka shigar da layukan iyaka. In ka zagayo layin ƙarshe bai dawo kan dutsen farko ba, ko kai ka yi kuskure ko takardar, kada ka ja layin da hannu ka rufe. Tsofaffin takardu da yawa a kan ma'aunin Minna aka yi su, na'urar GPS ta waya kuma da WGS84 take aiki, kuma tsakaninsu akwai tazarar da ta isa ta kai ka cikin gidan maƙwabci. Tunda an samu arewa ta gaskiya a zane, a nan nake fitar da alƙibla, wadda a Kano take wajen digiri 68 daga arewa zuwa gabas, don a san yadda za a zaunar da masai kada ya fuskance ta ko ya ba ta baya. Mai gida ba zai tuna ya faɗa maka ba sai an gama sa tayil.

Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa ba na son ɗalibi ya koyi zane da taswirar da ya sauko da ita daga intanet. Gidan da aka tsara wa Turawa, baƙo yana shigowa ya ga kicin da matar gida. Namu yana son falon baƙi da ƙofarsa daban da banɗakinsa, da hanyar da iyali za su shiga ciki ba su ratsa ta gaban maza ba, da tsakar gida ko ɗan fili na shanya da girkin biki. Ga rana: doguwar fuskar gini ta kalli kudu da arewa in fili ya yarda, manyan tagogi a yamma kuwa ɗakin zai zama tanda a watan Afrilu.

Matakala ita ce jarrabawar da nake yi wa duk wanda ya ce ya iya. Daga ƙasa zuwa ƙarƙashin dakin, wato kankaren bene, 3000, kaurin dakin 150, jimla 3150. Sabon shiga yakan manta da 150 ɗin, sai takar ƙarshe ta fi sauran tsayi, tsofaffi su yi ta tuntuɓe. A raba 3150 gida 18, kowace taka ta tashi 175, faɗinta 275. Ƙa'idar ita ce tsayi biyu a tara da faɗi ɗaya su faɗa tsakanin 600 da 630 ko kusa, a nan 625 ne. In gidan dattawa ne a yi 21 masu 150 da faɗin 300, sai dai za ta ci wuri. Sannan a yanka ginin a zane a duba cewa daga kowace taka zuwa abin da ke samanta akwai aƙalla mita biyu. A taswirar bene ba a ganin wannan kuskure, sai an cire katakon dakin mutum ya buga goshi.

Kan maganar wuta ba sai na yi dogon bayani ba, kowa ya san halin da ake ciki. Yatsa ya saba da Ctrl da S. Manhajar tana ajiye kwafi da kanta duk minti goma, ana iya rage shi da SAVETIME. In fayil ya lalace, akwai mai ƙarshen .bak kusa da shi, a canza masa suna zuwa .dwg ya buɗe, ko a gwada RECOVER. PURGE yana rage nauyin fayil da ya tara shara, AUDIT kuma yana gyara kurakuran cikinsa. In za ka aika wa wanda manhajarsa tsohuwa ce, ka ajiye masa a tsarin 2010 ko 2013, domin tsohuwa ba ta buɗe tsarin 2018. In kuma ka ga wani fayil mai suna acaddoc.lsp yana bayyana a kowace jaka da ka buɗe zane alhali ba kai ka sa shi ba, ƙwayar cuta ce da ke yawo a filash, daga shagunan bugu aka fi kwaso ta. Shi ya sa PDF kawai nake kai musu.

Kuɗin manhaja matsala ce ta gaske. Tun 2016 Autodesk ya daina sayar da lasisin dindindin, sai haya, kuma da dala. Na san abin da yawancin mutane suke yi, ba kuma zan ce ban sani ba. Amma ɗalibi ba shi da dalilin sa ta sata, domin kamfanin yana ba ɗalibai lasisin shekara kyauta in sun nuna shaidar makaranta, ana kuma sabuntawa. Akwai BricsCAD da ZWCAD da GstarCAD da suke buɗe DWG, wato fayilolin AutoCAD, umarninsu kusan iri ɗaya, kuɗinsu bai kai ba. LibreCAD da FreeCAD kyauta ne. Kwamfuta mai RAM gig 8 da SSD ta isa zanen shimfiɗe. Manhajar Revit da fitar da hoto kuwa suna son 16 zuwa sama da katin hoto na kirki.

Na koma Revit da girma, kuma sai da na sauke girman kai. Shi ba layi kake ja ba, bango kake ginawa mai kauri da tsayi da kayan da aka yi shi da su. Ka matsar da taga a taswira, ta matsa a fuskar gini da yankakken zane da jadawalin tagogi gaba ɗaya. Autodesk ya saye shi a 2002. ArchiCAD na kamfanin Graphisoft na ƙasar Hangari ya riga shi wannan tunani tun shekarun 1980, kuma masu zanen gini da yawa a nan shi suka fi so. A Revit matakan tsayi ake fara kafawa: fandeshan, ƙasa, linta, dakin, rufi. Sai a ƙirƙiri bangon 225 da na 150, domin waɗanda ke zuwa da shi ba namu ba ne. A ɗaure kan kowane bango da matakin da ke samansa, in ba haka ba ranar da aka ɗaga bene bangaye za su tsaya a inda suke. Abu ɗaya da ya kamata kowa ya sani tun wuri: fayil ɗin Revit ba ya komawa baya. In abokin aikinka ya buɗe shi da na sabuwar shekara ya ajiye, kai mai tsohuwa ka rabu da shi ke nan. Ku yi yarjejeniya a kan shekara ɗaya kafin a fara.

SketchUp, wanda ya bi ta hannun Google kafin Trimble ya saye shi a 2012, shi ne mafi saurin koyo, kuma shi da manhajojin fitar da hoto su ne suka fi ruɗar yara. Hoto mai fitilu da mota a ƙofar gida yana sa mai gida ya biya kuɗi nan take, na yarda. Amma na sha ganin hoto da baranda ta fito mita uku a iska ba pila, ko bangon sama zaune a tsakiyar falon ƙasa ba bim a ƙarƙashinsa. In aka kai wa injiniya ya sa pila a inda dole sai an sa, mai gida ya ce an ɓata masa gida.

Ɓangaren injiniyoyi ma da nasa tarkon. Manhajojinsu irin su Orion da magajinsa ProtaStructure, da STAAD.Pro da ETABS, duk za su fitar maka da rodi da jadawalin lanƙwasa shi cikin mintuna. Abin da ka ba su shi suke tauna. Dakin mai kaurin 150, in aka ninka da nauyin kankare 24, nauyin kansa kilonyutan 3.6 ne a kowace murabba'in mita, kafin tayil da filasta da bangon da za a ɗora. Gidan zama ana ƙara 1.5 na mutane da kaya. A tsarin BS 8110, wanda har yanzu ake aiki da shi sosai a Najeriya, ana ninka na farko da 1.4, na biyu da 1.6. Wanda bai iya wannan a takarda ba, ba zai gane ranar da manhajar ta ba shi shirme ba. Ka rubuta mata ƙarfin kankare 25, a fili kuma leburori suna auna yashi da kwanon kai suna ƙara ruwa don ya yi saurin zuba. Ka rubuta ƙarfin rodi 460, na kasuwa kuma ba a gwada shi ba, abin da ya sa injiniyoyi da yawa suke sa 410. Rodi tsawonsa mita 12 yake zuwa, saboda haka jadawalin da ya nemi sanda mai mita 14 ba tare da nuna inda za a haɗa ba, mai lanƙwasa rodi ne zai yanke hukunci da kansa. Nauyinsa kuma a ninka kaurin da kansa a raba da 162: mai 12 yana ba da kilo 0.89 a mita, mai 16 kilo 1.58. Da wannan ake duba ko tan ɗin da manhaja ta lissafa yana kama da gaskiya.

Iya manhaja kuma bai mai da kowa akitek ko injiniya ba. Zanen da za a kai hukumar tsara birni, kamar KNUPDA a Kano, yana buƙatar hatimin mai rajista da ARCON a ɓangaren zane, da mai rajista da COREN a ɓangaren ƙarfin gini. Mai zane da kwamfuta yana da gurbinsa mai daraja a ƙarƙashinsu, kuma ana samun abinci a ciki, amma ya karɓi bene ya tsara rodinsa shi kaɗai, wannan wasa da rayukan mutane ne.

Aikin farko da nake ba duk ɗalibin da ya zo ba a kwamfuta yake farawa ba. Ina miƙa masa tef mai mita biyar da takarda, in ce ya je ya auno ɗakin da yake kwana: bango huɗu, kaurinsu a bakin ƙofa, faɗin ƙofa da taga da nisansu daga kusurwa, tsayin silin, da kusurwa zuwa kusurwa ta gicciye guda biyu. Yawanci sukan dawo su ce gicciyen biyu ba su yi daidai ba, ko tef ɗin ne ya lalace. Tef lafiyarsa ƙalau, ɗakin ne ba sukwaya ba, kuma sai ya zana shi yadda yake. Ya raba leya, ya sa awo, ya buga a A4 a ma'aunin 1:50, ya ɗora rula a gabana. Daga nan in tura shi da takardar wurin birkilan da ke aiki a fili mafi kusa, ya tambaye shi bulo nawa za a saya in za a sake gina ɗakin, a kan lissafin bulo goma a kowace murabba'in mita. Duk tambayar da birkilan ya yi masa kafin ya ba da amsa, ya rubuto ta a bayan takardar, gobe da safe ita za mu fara gyarawa.